Jirgin Ƙasa A Bisa Tebur

 A wannan mako zan ɗan ajiye maganar kasuwa da ta 'yan siyasa, in kai ku ƙasar Ingila, mu dubi wasu dattawa waɗanda duk wanda ya hange su daga nesa zai rantse wasa suke yi.

Cikin watan Mayu na shekarar 2019, wata ƙungiya ta garin Market Deeping ta shirya nunin ƙananan jiragen ƙasa a zauren wata makaranta da ke garin Stamford. 'Yan ƙungiyar da baƙinsu suka jera kayansu tun jajibere, aka kulle zaure, kowa ya tafi gida da nufin in gari ya waye a buɗe wa 'yan kallo ƙofa. Cikin dare sai wasu samari huɗu suka fasa wurin suka shiga, suka bi kayan nan da duka da tattakawa. Da safe aka tarar da aikin shekara da shekaru warwatse a ƙasa kamar an yi sussuka. Ƙungiyar ta nemi jama'a su taimaka mata da fam 500 don a rage asara. Kafin ka ce kwabo, abin da aka tara ya haura fam 100,000. Mashahurin mawaƙin nan Rod Stewart shi kaɗai ya ba da fam 10,000, don shi ma ɗan hannu ne. Ya shekara 23 yana gina wani ƙaramin birni irin na Amurka ta shekarun 1940, da tashoshinsa da gadojinsa da dogayen benayensa, har ta kai in ya fita yawon waƙa yakan kama ɗaki na biyu a otel don kayan aikinsa kawai.

Na san abin da mai karatu zai ce, domin ni ma shi na fara cewa: ƙoshi ne ya yi musu yawa. Amma da na zauna na bi diddigin al'amarin, sai na ga akwai abin dubawa a ciki, har ma da abin da ya shafe mu.

Bari mu fara da asali. Kusan tun da jirgin ƙasa ya fara gudu a Turai ake yi wa yara kwaikwayonsa da katako da kwano. Amma abin bai zama sana'a sosai ba sai a shekarar 1891, sa'ad da kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus ya kai wani ɗan jirgi kasuwar baje koli ta Leipzig. Jirgin nan akan murɗa masa makulli kamar agogon da, sai ya kama tafiya bisa dogo wanda aka yi gunduwa-gunduwa ana harhaɗawa. Hikimar kamfanin ita ce, uban da ya sayi jirgi bana, baɗi sai ya dawo sayen ƙarin dogo, baɗin baɗaɗa kuma ya dawo sayen tasha. A Amurka kuwa, Joshua Lionel Cowen ya kafa kamfanin Lionel a birnin New York a 1900. Jirginsa na farko mai aiki da lantarki an yi shi ne don a sa a tagar kanti ya jawo hankalin masu wucewa zuwa ga haja, sai masu wucewa suka bar haja suka ce jirgin suke so. A Ingila, Frank Hornby na Liverpool ya fito da nasa jiragen a 1920.

Ba a jima ba, abin da aka sayo wa yaro sai ga shi a hannun uba. Tun 1910 manyan mutane suka kafa kulob na masu wannan sha'awa a London, yana nan har yau. A 1935 kuma na Amurka suka taru a garin Milwaukee suka kafa ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya, domin a lokacin taragon wannan kamfani ba ya ƙulluwa da na wancan, kowa da irin awonsa, sai suka zauna suka tsayar da ƙa'idoji. Irin wannan aiki shi ne wanda mutum ke yi bayan ya taso daga wurin neman abinci, ba don a biya shi ba. Duk wanda ya san mai kiwon tattabaru, wanda zai hana kansa goro ya sayo musu gero, ya kuma san kowace da kamanninta, to ya san irin mutanen da nake nufi.

Abin da ya raba wannan aiki da wasan yara shi ne awo. Yaro in abu ya yi kama da jirgi, shi ke nan buƙata ta biya. Su kuwa waɗannan mutane tilas kowane abu a raba girmansa da lamba ɗaya. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda suke kira HO, watau kashi ɗaya cikin 87. Ratar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu a yawancin ƙasashen Turai da Amurka milimita 1,435 ce. In ka raba da 87 za ka sami milimita 16.5, wannan kuwa shi ne faɗin ɗan dogon da suke shimfiɗawa bisa tebur. A wannan ma'auni, ƙato mai matsakaicin tsawo bai wuce santimita 2 ba, kamar gaɓa ɗaya ta ɗan yatsa. To haka ƙofa da taga da itace da saniya, kowanne sai an bi da shi ta wannan lissafi, in ba haka ba ido zai gane.

Mutanen Ingila nasu daban ne, suna kiransa OO, kashi ɗaya cikin 76. Dalili kuwa, jiragensu na gaske ba su da girman jiki, injin lantarki na wancan zamani bai shiga cikin ƙaramin kwaikwayonsu ba, sai aka ƙara wa jikin girma aka bar dogon a milimita 16.5. Watau dogon ya yi wa jirgin ƙunci da abin da ya ɗan haura milimita biyu. Kada mai karatu ya raina milimita biyun nan, don akwai waɗanda suka ƙi yarda da ita sam, suna ƙera nasu dogo da hannu a kan milimita 18.83, ana ta gardama shekara da shekaru. Wanda ɗakinsa ƙarami ne sai ya koma ga ma'aunin N, kashi ɗaya cikin 160, mai dogo milimita 9, ko kuwa Z wanda Märklin ya fito da shi a 1972, kashi ɗaya cikin 220, wanda kan jirginsa kamar tsawon ɗan yatsa yake.

Lissafin nan yana da wani tarko. Kilomita ɗaya a ma'aunin HO mita goma sha ɗaya da rabi ce, ɗakin wa zai ɗauki tafiyar kilomita goma? Saboda haka dole mai gini ya zaɓi abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Ba ya kuwa iya zaɓe sai ya san wurin da yake kwaikwaya ciki da bai, ya san abin da in an cire shi tashar ta daina zama ita.

Tafiyar jirgin kuwa ga yadda take. Wutar lantarki mai ƙarfin bolt 12 takan bi ƙarfen dogo ɗaya, ta shiga ta ƙafafun jirgi zuwa ɗan injin da ke cikinsa, ta komo ta ɗaya ƙarfen. In an ƙara wuta ya ƙara gudu, in an juya ta ya koma da baya. Matsalar ita ce in jirgi biyu suna bisa dogo ɗaya, umarni ɗaya za su bi. Sai wani kamfanin Jamus mai suna Lenz ya fito da dabarar sa wa kowane kan jirgi 'yar na'ura mai lambarta, a aika da saƙo ta cikin dogo, mai lambar kaɗai ya amsa. Ƙungiyar Amurka ta karɓi wannan tsari cikin shekarun 1990, ya zama na kowa.

To yanzu mai karatu ya ƙidaya sana'o'in da mutum ɗaya zai koya. Sai ya zama kafinta don ya haɗa tebur, ya zama mai haɗa wayar lantarki, ya zama magini, ya zama mai fenti. Wani abin dariya, zai sayo kan jirgi sabo fil da kuɗi mai yawa, sa'an nan ya zauna yana shafa masa launin tsatsa da baƙin hayaƙi, domin bai taɓa ganin jirgin da ke aiki yana walƙiya kamar kwanon amarya ba. Wasu ma ba su yarda jirgi ya yi ta zagaye ba dalili, sai sun tsara masa lokacin tashi da na isa, da inda zai ajiye taragon kwal ya ɗauki na shanu, kamar yadda ake yi a tashar gaske.

Irin wannan ƙwaƙwa ba ta tsaya a kan tebur ba. A jami'ar MIT ta Amurka, ɗalibai sun kafa kulob ɗin ƙananan jiragen ƙasa a 1946. Wasu daga cikinsu ba su damu da fenti da duwatsu ba, su dai a bar su ƙarƙashin tebur suna ƙulla wayoyi da na'urorin tarho don sarrafa sigina da mararrabar dogo. Da kwamfuta ta iso jami'ar, yaran nan na ƙarƙashin tebur suna cikin na farko da suka duƙufa a kanta, suka zama sanannu a tarihin wannan fanni. A birnin Hamburg na Jamus kuwa, wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, sun buɗe Miniatur Wunderland a 2001. Tsawon ɗan dogon da ke ciki ya haura kilomita 16, akwai filin jirgin sama da jirage ke tashi suna sauka, kowane minti 15 kuma gari yakan waye rana ta faɗi. Yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a duk ƙasar Jamus.

Amma ni ba na Hamburg ne ya tsaya mini a rai ba, wani ne a ƙauye. A 1925 wani saurayi ɗan Ostareliya mai suna Roye England ya sauka a Ingila, ya zauna a wani yanki da ake kira Vale of White Horse, watau Kwarin Farin Doki. Ƙauyukan wurin suka shiga ransa, da gidajensu masu rufin ciyawa da gonakinsu da jirgin kamfanin Great Western yana ratsa su. Yana nan sai ya ga ana yaye ciyawar ana kafa rufin zamani, ana rushe tsofaffin gidaje, mota tana korar doki. Ba shi da ikon hanawa, ba shi da dukiyar saye. Abin da ya yi shi ne ya ɗauki littafi da abin awo da kyamara, ya shiga bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, yana rubuta launin bango da fasalin taga. A 1931 ya fara gina na farko da kwali, a ma'aunin kashi ɗaya cikin 76. Kowane bulo sai an zana shi an shafa masa launinsa, gida guda yakan ci watanni.

A 1954 aikin ya sami mazauni a ƙauyen Long Wittenham, aka kira wurin Pendon. Roye England ya rasu a 1995 bai ga ƙarshensa ba, masu aikin sa kai suka ɗora daga inda ya tsaya. Yau da yawa daga cikin gidajen da ya auna sun rushe ko sun sake kama, amma ɗan Ingila da ke son ganin yadda kakanninsa suka zauna a shekarun 1920 da 1930 yana iya zuwa ya tsaya ya gani da idonsa, har da kabejin bayan gida. Gani kuwa ya kori ji. Da na karanta labarin mutumin nan sai na gane abin da ya sa jama'a suka tara wa dattawan Market Deeping kuɗi. Sun san abin da aka tattake a zauren nan ya fi ƙarfin kwali da fenti.

Kada kuma a ce na ɓoye aibi. Aikin yana cin kuɗi, yana son ɗaki, yana son wuta tsayayya. Ga shi ba ya da tabbas: John Allen na Kalifoniya, wanda ake lissafawa cikin gwanayen gwanaye, ya rasu a Janairun 1973, kwana goma bayan rasuwarsa gobara ta cinye abin da ya yi shekaru yana ginawa, sai hotuna suka rage. A Ingila ma furfura ta yi wa masu abin yawa. A Janairun 2024 babban kantin Hattons ya ba da sanarwar rufewa bayan shekara 77, a watan nan kuma kulob ɗin Warley ya ce ya daina shirya babban nunin da yake yi kowace shekara a Birmingham, cikin dalilansa har da tsufan 'yan ƙungiya. Sana'ar da ba a miƙa wa yaro ba, da mai ita ake binne ta.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, mu ma muna da namu kwarin da ake yaye wa rufi muna kallo. Jirgi ya fara zirga-zirga tsakanin Legas da Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, Kauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Garuruwa irin su Kafanchan dogo ne ya raya su. Akwai kuma wani ɗan siririn dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi da aka shimfiɗa daga Zariya, ta Rahama da Jengre, ya isa Jos da Bukuru a 1914 don kwasar kuza, aka rufe shi a 1957. In ban da 'yan ragowar da aka ajiye a gidan tarihi na Jos, yau wa zai nuna wa jikansa yadda tashar Rahama take ranar da jirgi ya tsaya? Dalar gyaɗa ta Kano da taragu jere a gindinta, yaranmu a hoto kaɗai suka san ta. Sabon dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, abin murna ne, amma ba za su gaya wa kowa yadda tsohon yake ba. A nan Legas akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House da ke Ebute Metta, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tunanin kwaikwayon gini don kada a manta da shi ba baƙo ba ne gare mu. A Jos akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya inda aka sake gina masallacin Juma'a na Zariya da wani sashe na ganuwar Kano. Hannun yin aikin ma muna da shi. Sa'ad da muke yara, in an girbe dawa, mukan ɓare bayan kara mu yi ƙusoshi da shi, mu yanka totuwa mu haɗa mota har da ƙofa mai buɗewa. Mukan jera gwangwanayen kifi mu huda su, mu ɗaure da waya, mu sa musu ƙafafu na murfin kwalba, jirgi ya tashi. Na tuna ranar da wani kawuna ya same ni a zaure na baje kayana, ya ce, "Kai yaro, kwashe wannan shirme ka ba mutane wuri, shi zai ba ka tuwo?" Na kwashe, ban kuwa sake ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, abin da ya sani ke nan. Amma yaron da ke ƙarƙashin tebur a MIT da yaron da ke zaure da kara, hannu iri ɗaya Allah ya ba su. Ɗaya aka ba shi ɗaki, ɗaya aka kore shi.

Saboda haka ga shawarata, ba kuwa mai tsada ba ce. Ba sai an sayo jirgi daga Jamus ba, domin Roye England da kwali ya fara. Malaman makarantun koyon sana'a da ke garuruwan dogo su ɗauki ɗalibansu su je tsohuwar tasha, da izinin hukuma, a auna ginin, a auna tankin ruwa da dandamali da gidajen ma'aikata, a ɗauki hoto ta kowace fuska, a rubuta. A nemi tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke raye, direbobi da masu zuba kwal da masu juya dogo, a tambaye su inda kowane abu yake a da, tun suna iya faɗa. Sa'an nan a dawo aji a raba awon da lamba ɗaya, a gina da kwali da kara da gwangwani da jar ƙasar wurin. Yaron da ya yi wannan ya koyi lissafi da zane da tarihin garinsu a zama ɗaya.

Wanda kuma Allah ya hore wa, yana son nasa ya yi tafiya, ga lissafi na yi masa. Tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, watau ƙafa uku da rabi. In ya gina jirginsa a kan kashi ɗaya cikin 64, ɗan dogon nan mai milimita 16.5 da ake samu ko'ina zai yi masa daidai, haka mutanen New Zealand ke yi, don dogonsu irin namu ne. In kuwa siririn dogon Zariya zuwa Jos yake so, sai ya bi ma'aunin HO ya ɗora bisa dogo mai milimita 9.

Iyaye kuma, in kun ga yaro ya tsuguna yana fere kara bayan ya gama karatunsa da aikensa, ku ɗan dakata kafin ku daka masa tsawa. Ku tambaye shi abin da yake ginawa, ku ba shi zare ko abin awo, ku ce ya je ya dubo na gaske ya dawo ya gyara.

Ina roƙon duk mai karatu da ya taɓa aikin reluwe, ko ya taɓa shiga ɗan jirgin nan na Zariya zuwa Jos kafin a rufe shi, ko yake da tsohon hoton wata tasha a ƙasan akwati, ya rubuto mana. Za mu buga abin da ya samu a wannan fili, don mai son gini ya sami abin dubawa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.